Haƙuri da Neman Magani: Tarihin Kalmomin Ciwon Rai a Ƙasar Gure

A cikin rahotannin da ake rubutawa da Faransanci game da lafiyar mutanen karkara a Nijar akwai wata magana da ke yawan dawowa, watau wai talakan ƙauye ba ya kai damuwarsa wurin likita domin al'adarsa ta hore shi da haƙuri, haƙuri kuwa, a ganin masu rahoton, miƙa wuya ne kawai ga ƙaddara. Wannan maƙala za ta auna maganar nan ta fuskar tarihi da ta harshe, tana mai duban ƙasar Gure ta jahar Damagaram, da garuruwanta irin su Gamu. An zaɓi wannan yanki ne saboda nisansa da manyan asibitoci, da kuma cuɗanyar harsunan da ke cikinsa, domin Barebari da Hausawa da Fulani da Buzaye da Tubawa duk suna cin kasuwa ɗaya. Batun ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci kai tsaye, tun da su ne za su zaɓi kalmar da za a buga a littafin karatun manya, kalmar kuwa ita za ta sa mai damuwa ya je neman taimako ko ya zauna gida.

Ya kamata a fara da inda Bahaushe ya ajiye abin da ke damunsa. Idan an tattara maganganun yau da kullum za a ga wurare huɗu ne ke ɗauke da nauyin: ciki, da rai, da zuciya, da hankali. Ciki yana yin fari yana yin baƙi. Rai yana ɓaci, yana ƙunci, yana sanyi. Zuciya tana karaya, tana tafasa, tana kuma mutuwa alhali mai ita yana tafe da ƙafafunsa. Hankali, wanda masana suka danganta asalinsa da kalmar Larabci ta aƙalu, yana tashi yana kwanciya, yana gushewa yana dawowa. Ƙwaƙwalwa ba ta cikin wannan jeri. A tsohuwar Hausa ƙwaƙwalwa wurin haddace karatu ce da kaifin basira, ba a ce mutum ƙwaƙwalwarsa ta ɓaci don ɗansa ya rasu. Saboda haka fassarar zamani da gidajen rediyo suka yaɗa, watau lafiyar ƙwaƙwalwa da likitan ƙwaƙwalwa, ta ɗauke ciwon daga inda mai shi yake jin sa ta kai shi inda ba ya tsammani. Mai baƙin ciki in ya ji an ambaci ƙwaƙwalwa sai ya ɗauka da mahaukaci ake, ba da shi ba.

Hauka kuwa tana da nata iyaka, kuma iyakar a bayyane take. Mahaukaci shi ne wanda ya fita daga cikin mutane: ya tuɓe, ya kwana a juji ko kasuwa, ya yi duka ko jifa. Kafin a kai ga wannan kalma harshe ya tanadi matakai na sakayawa, kamar a ce ya taɓu, ko ya zautu, ko kansa ba daidai ba, ko iska ta buge shi, domin ambaton hauka a gida yana iya hana ƴaƴan gidan aure. Wanda abin ya yi wa tsanani a da turu ake sa shi, watau gungumen da ake saka ƙafa a ciki, ko mari. Tsakanin mai ɓacin rai da mai turu akwai fili mai faɗi ƙwarai, kuma tarihin da ke biye tarihin masu aiki a wannan fili ne.

Gure ita ce fadar ƙasar Muniyo, wadda a da take bin Barno. Matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya ratsa ta a watan Disamba na 1852 zamanin Muniyoma Koso, kafin ya isa Zinder a ƙarshen watan. Kasancewar yankin a inuwar Barno yana da ma'ana ga batunmu, domin gabas ita ce matattarar mahaddata Alƙur'ani, har yau kuwa in an ce almajiri ya tafi gabas an san abin da ya tafi nema. Malami a irin waɗannan garuruwa ba koyarwa kaɗai yake yi ba. Shi ake kai wa rashin barci da mugun mafarki da firgita da kishi da rashin haihuwa. Yakan yi rubutu a allo a wanke a sha, ko ya yi tofi, ko ya ba da laya. Masu bincike sun fi mai da hankali ga allon da tawadar, suka manta da abin da ke gabansu: kafin malami ya ɗauki alƙalami sai ya ji bayani, sau da yawa a zaure, ba kowa sai shi da mai buƙata ko wakilinsa, kuma abin da aka faɗa amana ne. Wannan zama na saurare rabin maganin ne, ko da yake ba a ba shi suna na daban ba.

Shugabannin jihadin Sakkwato ma ba su bar fannin ba. Abdullahi ɗan Fodiyo da Muhammadu Bello sun yi rubuce-rubuce a kan magani, Nana Asma'u kuma a 1839 ta tsara Tabshirul Ikhwan, inda ta tattara fa'idojin surori ga ciwon jiki da abin da ke damun rai. Ita ce kuma ta yi marsiyyoyi ga ƴan'uwanta da ƙawayenta, inda ta bayyana zafin rashi a fili. Wanda ke cewa addini ya hana Bahaushe faɗin baƙin cikinsa bai lura da wannan ba. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufa da maganar da ke nuna jayayya da hukuncin Allah.

A gefe guda akwai bori. Tremearne ya rubuta a kansa a 1914, Greenberg a 1946 daga Maguzawan Kano, Jacqueline Monfouga-Nicolas kuma a 1972 daga ƙasar Maraɗi, inda Iya a Maraɗi da Inna a Tsibiri ke riƙe da shugabancin ƴan bori a cikin tsarin sarauta. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne kalmar da ake kiran maganin da ita, watau girka, daga girki: ana dafa mara lafiya ne har ya nuna. Akan keɓe shi kwana bakwai ko fiye, da turare da saiwoyi da garaya ko goge, har iskar da ke damunsa ta bayyana sunanta. Ba a korar ta. Ana shirya zama ne tsakaninta da dokinta ko goɗiyarta, mutum ya fito da sabon matsayi da sababbin abokai waɗanda suka taɓa shan irin wahalarsa. Mata su ne suka fi yawa a ciki, musamman waɗanda haihuwa ta ƙi ko ƴaƴa suke mutuwa, ko aure ya ƙi zama. Ta bakin iska mace tana iya faɗin abin da kunya ta hana ta faɗa da bakinta, mijin kuma ya saurara ba tare da an ce matarsa ta yi masa rashin ladabi ba.

Wani abin mamaki ya faru wajen 1925 a ƙasar Kurfai, kusa da Filinge, sa'ad da wasu sababbin iskoki suka bayyana suna kwaikwayon Turawan mulki da sojojinsu. Wata mace mai suna Shibo tana cikin na farko da suka hau kanta, hukumar Faransa kuma ta kama mabiyan ta tsare. Hausawa sun kira su Babule, Zabarmawa kuwa suka ari kalmar Hausa suka ce Hauka, sunan da Jean Rouch ya kai duniya da fim ɗin da ya ɗauka a Ankara ta Gana, wanda ya fito a 1955. A nan kalmar ta juya: wanda ake kira da hauka shi ne mai hular kwano da bulala.

To, a cikin wane kama maganin Turawa ya iso? Faransawa sun kama Zinder a 1899, ta zama hedkwatar ƙasa daga 1911 zuwa 1926. Abin da suka kawo na lafiya rigakafi ne da yaƙi da annoba da kula da soja. Game da masu taɓin hankali, dokar Faransa ta 1838 ba ta yi aiki a Afirka ta Yamma ba. Daga 1897 zuwa 1914 har ɗibar marasa lafiya aka riƙa yi daga Senegal a jirgin ruwa zuwa wani gidan mahaukata a Marsai, sai a 1938 aka kafa, a takarda, hukumar kula da su a yankin. A aikace kumandan ne ke yanke hukunci, abin da yake dubawa kuwa shi ne ko mutum yana ta da hankalin gari. In haka ne a kulle shi a kurkuku ko a wani ɗaki bayan asibiti. A Nijeriya ma haka: gidan Kalaba na 1904 da na Yaba na 1907, da dokar 1916 wadda aka sabunta a 1958, duk maganar tsarewa suke, kuma ba a maye gurbin dokar ba sai a farkon 2023. Ke nan Bahaushe ya fara sanin wannan reshe na likitanci a matsayin turun gwamnati. Ba abin mamaki ba ne da sunayen wuraren suka zama abin tsokana, a Kano a ce za a kai ka Dawanau, a Yamai a ambaci sashen babban asibiti da aka sani da Pavillon E. Daga Gure zuwa Yamai ya haura kilomita 1000, zuwa Zinder kuwa ya haura 150. Ba mai yin wannan tafiya don rashin barci. Sai wanda malami da boka suka gaza, dangi suka gaji, kuma kowane irin wannan da aka kai yana ƙara tabbatar wa ƙauye cewa wurin na mahaukata ne.

Likitoci biyu sun gane wannan tun da wuri. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abekuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, yana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. A Dakar, daga 1959, Henri Collomb ya buɗe ƙofofin asibitin Fann, ya karɓi mai rakiya daga dangi, ya kafa taron da ake kira penc da Walafanci, watau dandalin gari, inda mara lafiya da dangi da ma'aikata ke zama su tattauna. Dukansu biyu abin da suka karɓa daga mutane shi ne cewa a nan ba a jinya mutum shi kaɗai. Zaman mutum biyu a ɗaki a rufe, baƙo yana tambayar baƙo sirrin gidansu, tsari ne da ya taso a Turai cikin nata tarihi, kuma mace mai aure a Gamu da za ta yi shi da namijin da ba muharraminta ba ta jawo wa kanta wata damuwar a kan ta farko.

Yanzu sai a komo ga haƙuri, wanda aka ɗora wa laifi. A 1974 Kirk-Greene ya lissafa shi cikin siffofin mutumin kirki, tare da gaskiya da amana da kunya da hankali da sauransu, kuma makwabta duk suna da takwararsa: kanadi a Barbarci, munyal a Fillanci, suuru a Zabarmanci. Amma lissafa shi a matsayin hali na mutum guda ya ɓoye yadda kalmar ke aiki a cikin jimla. Ana yin haƙuri, ana kuma ba da haƙuri, ana haƙurƙurtar da wani, haƙuri yana kuma ƙarewa. Abin da ake bayarwa dole akwai mai bayarwa. A gidan rasuwa gaisuwar ita ce, “Yaya haƙuri?” a amsa, “Da godiya.” Tambayar da kanta shaida ce cewa an san yana da nauyi, kuma an zo ne a taya ɗauka. Zaman makoki da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, da takabar wata huɗu da kwana goma wadda mata ke kewaye mai yin ta, duk tsari ne na hana mai rashi kaɗaita. Haka wankan jego na kwana arba'in, wanda mai haihuwar fari kan yi a gidan iyayenta. Haka yaji: matar da ta ƙosa takan tafi gidansu, mijin ya zo biko, a zauna a ji ƙorafinta, sa'an nan a ba ta haƙuri. Wanda aka ba haƙuri an yarda ke nan an ɓata masa. Ga kuma ƙawa da amini, da kaka wadda ba a jin kunyarta, da abokin wasa, irin wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014.

Ba za a ɓoye ɗaya fuskar ba. Kalmar nan da ke rarrashi ita ce kuma ake rufe baki da ita. Yarinyar da aka aurar ba da sonta ba, ko matar da ake duka, in ta kai ƙara gida sau uku aka ce mata ta yi haƙuri ba tare da an kira mijin ba, an ba ta kalmar ne an hana ta aikin da ke tare da kalmar. Kunya ma haka: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ɗokinsa, in ya mutu ana sa ran ta daure a gaban mutane, kamar yadda ake sa ran ta daure a naƙuda. Abin da baki bai faɗa ba jiki yakan faɗa, shi ya sa ma'aikacin likitar ƙauye yake jin ciwon kai da zafin ƙirji da faɗuwar gaba da jiri, ya ba da ƙwaya, mai ciwon ta dawo bayan mako biyu. Maza kuwa nasu ya fi ɓoyuwa, domin an ce namiji ba ya kuka.

Yunwa ita ce babbar jarrabawar wannan tsari, kuma jama'a sun ba kowace suna. Ta 1914 Kakalaba ce. Ta 1984 a Nijar El Buhari aka sa mata, domin ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya zamanin Janar Buhari. Sa wa masifa suna, har da na ba'a, hanya ce ta mai da ita labarin kowa, yadda wanda ya sayar da shanunsa ko ya bar iyalinsa ya tafi cin rani ba zai ɗauki abin kasawarsa shi kaɗai ba. Sai dai farin 1973 da 1974 da na 1984 sun watsa gidaje, gandu ya rabu, samari suka yi kudu, masu ba da haƙurin suka ragu. Sa'an nan ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta shigo Maraɗi da Damagaram tana suka ga bori da laya, har ma da sadakar arba'in. A gurbinsu ruƙiyya ta yaɗu, musamman daga shekarun 1990, inda ake karanta ayoyi a kori aljani. Bambancin a bayyane yake: girka sulhu take nema da iska, ruƙiyya fitar da ita take yi. Amma duka biyu sun ajiye sanadin a wajen mutum, saboda haka mutuncinsa da na gidansu bai taɓu ba. Wannan ne abin da kalmar ƙwaƙwalwa ba ta iya yi masa.

Daga 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane irin waɗannan cututtuka, sa'an nan hare-haren Boko Haram a Boso da Difa a watan Fabrairu na 2015 suka jawo ƙungiyoyin agaji zuwa gabashin ƙasa da sababbin kalmomin Faransanci, irin su résilience da traumatisme da soutien psychosocial. Tafinta ne ya ɗauki nauyin fassara su nan take, kowa da tasa. Tun taron Bamako na 1966, da makarantar gwaji ta Hausa da aka buɗe a Zinder a 1973, da taron daidaita rubutun Hausa na Yamai a 1980, ƙoƙarin masana ya fi karkata ga baƙaƙe da ƙa'idojin rubutu, da kalmomin lissafi da noma. Yanzu da dokar 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, kalmomin wannan fanni ma za su shiga takardun hukuma, kuma abin da aka buga sau ɗaya yana da wuyar gogewa.

Idan aka fassara résilience da haƙuri, littafin zai gaya wa mai karatu abin da surukarta ta riga ta gaya mata, ta rufe shi. Juriya da dauriya sun fi kusa, amma su ma suna nufin shanye zafi ne ba tare da nunawa ba. Abin da kalmar Faransancin ke nufi, watau komowa bayan bugu, yana cikin fi'ilin farfaɗo, kamar yadda gero ke farfaɗowa bayan ruwa ya yanke ya dawo, kuma manomi ba ya buƙatar a yi masa bayaninsa. Santé mentale kuwa kwanciyar hankali ta fi lafiyar ƙwaƙwalwa kama ta, domin kowa yana neman ta ba tare da jin kunya ba, a bar taɓin hankali ga ciwon da ke buƙatar ƙwaya da allura. Shi kuma zaman saurare, shawara ta ishe shi suna, tun da neman shawara alamar hankali ce a wurin Bahaushe, mai ba da ita kuma ana iya cewa mai sauraron damuwa, a bar kalmar likita ga mai allura.

Akwai sharaɗi guda ga ƙasar Gure. A gidaje da yawa na yankin Hausa harshen kasuwa ce da rediyo, Barbarci ko Fillanci shi ne na ɗaki, kuma tsohuwar da ke ciniki da Hausa ba lalle ba ne ta yi kuka da ita. Kalmomin da aka zaɓa a ofis a Yamai ko Zinder sai an karanta su a ajin manya a wuri irin Gamu, maza daban mata daban, a tambayi masu sauraro wane mutum suka hango a garinsu da suka ji kalmar. In suka ambaci wanda ke kwana a kasuwa, a sake wata.